Tukwanen da Gwaggo Ta Binne

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu, sai dai wani ya riga wani. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu ranar wata Talata da hantsi, farkon shigowar sanyi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya har ta kai ni ɗakin miji. Saboda haka wasu gwaggo suka rasa, ni kuwa uwa na rasa.

Na zauna makoki da yawa a cikin garin nan na Daura, na san yadda ake yi. A shigo da sallama, a ce ya haƙuri, a ce Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, sannan a lalubo wani alheri na mamaci a faɗa, ko da sai an ɗan ƙara masa gishiri. A makokin Gwaggo an yi na farko, an yi na biyu. Da an zo kan na uku sai kowace ta kama gyaran mayafi, ido kuwa ya tafi kan 'yar ƙofar langa-langa da ke bayan ɗakinta.

Wata 'yar'uwarmu ta nesa da ta zo daga Baure ita ce ta kasa daurewa. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Har yanzu suna nan?"

"Su wa?"

"Yo tukwanen mana."

Na ce suna nan. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta ɗan ja tabarmarta gaba. Wata kuma da aka miƙa mata ruwan randar gidan ta ce azumi take yi, can an jima na gan ta a zaure tana tsotsar ruwan leda. Da kunnena na ji ana tambayar wadda ta yi wa Gwaggo wanka ko an tarar da wani abu a jikinta. Ta ce babu komai sai ɗan makulli a haɓar zani. Aka ce, "Makullin me?" Ta ce na ƙofar baya. Sai aka kalli juna, wato magana ta fito.

A cikin duk taron mutum ɗaya ce ta yi kuka irin wanda ba a yi don a gani, ita ce Iya, tsohuwar da katangarta ta haɗu da ta Gwaggo. Ni kuwa kukanta ya fi na kowa ba ni haushi, don na san abin da ke tsakaninsu. Na ce a raina, wannan da walakin, goro a miya.

Ranar sadakar uku Yaya, babban wana, wanda gidan ya koma hannunsa, ya kira ni gefe. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma yana da iyali a gidan, kuma bakin mutane ya yi yawa. Da an yi bakwai zai kira malam a yi addu'a, a tone tukwanen nan a kai su bayan gari.

Na ce, "Yaya, abarba ce fa. Abarba."

Ya ce, "Na ji. Ke kin taɓa ganin abarba ta fito a ƙasar Daura, in ba a wurinta ba?"

Na roƙe shi ya bar min su zuwa arba'in. Lissafina mai sauƙi ne. Masu magana cewa suke yi ba shuka ba ce, abin Gwaggo ne, da ranta yake rayuwa. Idan suka ci gaba da rayuwa bayan ta tafi, a hannuna ni malamar firamare da kowa ya san ko tofin ciwon kai ban iya ba, to maganar ta mutu, sunan Gwaggo ya wanku. Yaya ya ce to, zuwa arba'in.

Bari in faɗi abin da ke bayan ƙofar nan, tunda ita ba ta taɓa yarda ta faɗa ba.

Mijin Gwaggo fataucin shanu yake yi zuwa Kurmi, har zama ya kama su a can shekara ashirin da wani abu. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ta gama takaba, ta dawo gidan ubanta da akwati biyu da ciwon gwiwa da son abarba. Ba cinta kaɗai ba, ganinta a tsaye a ƙasa. Ta ce a can bayan ɗakinta ma akwai su, ba wanda ya ɗauke su bakin komai.

Wata rana ta je bakin kasuwa wurin mai kayan marmari, ta ce ya tara mata kan abarba, wannan ganyen mai ƙaya da ake cirewa a jefar. Ita tukku take ce masa. Mutumin ya dube ta ya ce, "Hajiya, me za a yi da shi? Ko jaki ba ya ci." Da a ce ta ce shukawa za ta yi, da ya yi dariya an wuce wurin. Amma Gwaggo ce. Ta ce, "Miya zan yi." Ta ƙulle abinta a leda ta tafi, ta bar shi da baki buɗe. Kafin la'asar rabin kasuwa ta ji.

Haka take. Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinta ba, Allah ya yafe mata. Idan aka aiko mata da kwanon abinci sai ta yi godiya kamar ta ari baki, ɗan aike na fita ta fara ɗibar wa kaji, ta zauna tana kallonsu. Labarin rediyo ba ta yarda da shi sai ta ji a tasha biyu. Wayar da na saya mata a cikin kwalla take ajiye ta, ta rufe da murfi, wai abin yana da kunne. Takan ce, "Wanda ya gaishe ki sau biyu a yini ɗaya, je ki ƙirga awakinki." In na ce, "Gwaggo, zato fa zunubi ne," sai ta ce, "Ni ba zato nake ba, lura nake."

Amma a kan abarba wannan lurar ta yi rana. Ba a yanke tukku da wuƙa, murɗe shi ake yi. A zare ganyen ƙasa har gindin ya fito kamar tsawon gaɓar yatsa, a kankare duk wani ɓurɓushin naman abarba da ya maƙale, sannan a ajiye shi a inuwa kwana huɗu ko biyar ya sha iska. Tsofaffin tukwane take nema, waɗanda gindinsu ya huje aka yar. Ta cika su da rairayi da busasshen kashin awaki, ta haƙa rami ta binne kowace tukunya har wuya, don kada zafin bazara ya dafa saiwar. In rana ta yi tsanani ta kafa musu rumfar zana. In ɗa ya fito ya fara girma ta naɗe shi da tsumma don kada rana ta ƙone masa fata. Ruwa kuwa da moɗa take aunawa. A bazara moɗa ɗaya bayan kwana uku. A sanyi daga Juma'a sai Juma'a, har nakan tsokane ta in ce ta mayar da su zamanin macijin Kusugu. Takan ce, "Abarba ba shinkafa ba ce. Kafin ki ba ta ruwa, sa yatsa ki tambayi ƙasa."

To, a tsaya a duba abin da idon maƙwabci. Tsohuwa marar ɗa, ta daɗe a Kurmi, tana tara fasassun tukwane tana binnewa a bayan ɗaki, tana ɗaura musu tsumma, ba ta kula su sai ranar Juma'a, ta sa kwaɗo ta kulle. Ko ni aka ba wannan labari a kan wata, sai na ce biri ya yi kama da mutum.

Abin da ya ƙarasa lalata zance shi ne hayaƙi. Idan shuka ta shekara biyu ta ƙi yin fure, akwai dabarar da Gwaggo ta gani a can: a kifa mata babban kwando, a lulluɓe da buhu, a tura hayaƙin ƙaiƙayi a ciki na ɗan lokaci, kwana da kwanaki. Ban san dalili ba, amma bayan wata ɗaya ko biyu sai jan fure ya leƙo daga tsakiya. Wata la'asar wani mai gyaran rufi a maƙwabta ya hango ta daga sama, tana durƙushe gaban kwando, hayaƙi na tashi, bakinta na motsi. Istigfari take yi, don bakinta ba ya zama banza. Mutumin bai ƙarasa aikin ranar ba.

Na taɓa ce mata, "Gwaggo, don Allah ki buɗe ƙofar nan su shigo su gani, kowa ya huta."

Ta ce, "In buɗe? Bakin mutane ya fi fara ɓarna. Yau su ce kai, ta yi kyau, gobe ki tarar ta bushe."

Nan na gane ba mai raba wannan rigima. Su suna tsoron tukwanenta, ita tana tsoron idonsu, kuma duk malami ɗaya ya karantar da su.

Rigimarta da Iya akuya ce ta jawo. Wata damina katangar da ke tsakaninsu ta zube ta gefe guda, aka toshe da zana kafin a gyara, ba a kuma gyara ba har yau. Akuyar Iya ta kutsa ta nan ta sami wata shuka da Gwaggo ta yi wa hidimar shekara biyu da rabi, furen ya fito ke nan, ta cinye shi tas. Gwaggo ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba, ta ce da gangan aka saki akuyar, don an daɗe ana leƙe. Iya ma ba kanwar lasa ba ce. A gaban mata da yara da masu wucewa ta ce, "Ni ce ma zan yi kuka! Allah ya sa abin da kike binnewa kada ya kama min akuya!"

Kafin ranar ana raɗa ne. Daga ranar aka samu wadda za a ce ita ta faɗa, kuma maƙwabciya ce ta jikin katanga, wa zai fi ta sani? Shekara bakwai suka yi ba abin da ke haɗa su sai sallamar da addini ya wajabta, ita ma a taƙaice. Gwaggo ta daina kiran sunanta, sai dai ta ce "ta bayan katanga".

Ni ma ina da nawa laifin, kuma gara in faɗa da bakina. Uwar abarba ɗa ɗaya take yi a rayuwarta, daga nan sai ta fitar da 'yan toho a gindi, waɗanda Gwaggo ke kira goyo. Bayan aurena da shekara biyu ta ciro goyo ɗaya mai kyau, ta naɗe a tsumma ta miƙo min, ta ce in kai gidana. A iya sanina ba ta taɓa yi wa wani mahaluki wannan tayin ba. Na tuna uwar mijina, na tuna matan gidanmu, na ce, "Gwaggo, gidan namu ba wuri." Ta dube ni, ta san gidan, ta san filin da ke cikinsa ya isa a yi sukuwa. Ta mayar da shi tukunya. Har ta koma ga Allah ba ta sake yi min tayin ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

A shekara ta biyar da rigimar, Iya ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, ta kai ko kunu ba ya zama a cikinta. A lokacin Gwaggo tana da abarba ɗaya tak da ta nuna, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, ƙamshinta ya cika bayan ɗaki. Shekara uku take jiranta. Na je gaishe ta na tarar ta fere ta, ta yanka ƙanana a kwano ta rufe.

Ta ce, "Kai wa ta bayan katanga. Mai zazzaɓi yana son abu mai ɗan tsami. Ki ce ke kika saya a kasuwa."

Na ce, "In yi ƙarya, Gwaggo?"

"In kin ce daga nan ta fito ba za ta ci ba, kuma in ta mutu a ce ni ce. Ki ce kasuwa. Zunubin a wuyana."

Na kai. Iya ta cinye har ta shanye ruwan da ya taru a kwanon. Da na dawo Gwaggo ba ta tambaye ni jikin Iya ba, ta dai karɓi kwanonta ta juya shi ta duba ko an canza mata murfi.

Wannan ita ce matar da aka rasa alherin da za a faɗa a makokinta.

Kwanakin makoki bakwai ban leƙa bayan ɗaki ba, baƙi sun sha kaina, kuma na san lokacin sanyi ne, ba sa bukatar komai. Kwaɗon ma an cire shi tun ranar farko, don matar Yaya ta ce ba za a kwana da kulallen wuri a gidan ba. Rana ta takwas na koma aiki, na tsara kullum in an tashi makaranta in biyo ta gidan. Tukwane goma sha ɗaya ne. Na durƙusa na sa yatsa kamar yadda aka koya min, sai yatsana ya nutse cikin caɓi.

Na ce ko masu makoki ne suka yi ta alwala a wurin. Ban zuba komai ba na tafi. Washegari caɓi. Jibi caɓi. Ranar da ganyen tukunya ta farko ya fara yin ruwan ɗorawa, na kama na tsakiya na ɗan ja, sai ya zaro a hannuna ba wuya, gindinsa ya yi baƙi, wani wari ya bugo ni. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Daga nan halin Gwaggo ya tashi a jikina, ashe riƙo ba ya tafiya banza. Na fara da matar Yaya. Na ce ruwan wanke-wanke take watsawa don su mutu ta samu wurin kiwon kaji. Na tare ta a madafa, ta rantse har da hawaye cewa ko da rana tsaka ba ta iya taka wurin. Na yarda da ita, ba don rantsuwar ba, don tsoron da na gani a idonta na gaske ne. Na koma kan Yaya, na ce ya karɓo ruwan addu'a yana yayyafawa a ɓoye. Ya ce in ya tashi yi ba zai ɓoye wa ƙanwarsa ba, kuma in iya bakina. Na zargi 'yar'uwarmu ta Baure, wadda tun ranar uku ta koma garinsu. Na ɗanɗana ƙasar da harshena ko gishiri ne, na shinshina ko kananzir ne. Ba komai sai ruwa. Na mayar da kwaɗo na kulle, na ɗaura makullin a haɓar zanina. Washegari caɓi.

Kafin kwana ashirin, biyar daga cikinsu sun mutu, warin kuma ya fara tsallaka katanga. Labari ya zaga unguwa: abin ya bi mai shi, har ruɓewa yake yi. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe a makaranta, cikin tausayi, ta ce in daina taɓa su da hannu.

Sai a lokacin hankalina ya kai kan zanan da ya toshe katanga. Na duba na ga an kwance igiyar gefe ɗaya an mayar da ɗaurin zarge. Na ce shi ke nan, ta bayan katanga ce. Ba ta bar ta da rai ba, ba za ta bar ta a kabari ba.

Ranar Asabar ba makaranta. Na yi sammako, rana na fitowa ina cikin ɗakin Gwaggo, na zauna jikin taga na tanadi maganganun da zan faɗa, waɗanda ba a faɗa wa tsoho. Ba a jima ba zana ya motsa. Iya ta sunkuyo ta shigo, tana jan ƙafa, da rabin bokiti a hannu, don ba za ta iya ɗaukar cikakke ba. Ta yi bisimilla ta tuttule shi a tukunya ta farko. Ta koma ta ɗebo wani. Ina zaune ina ƙirgawa, sawu shida ta yi, tana tsayawa tana dafa katanga tana haki. Har waɗanda suka riga suka mutu ba ta tsallake ba. A kan kowace tukunya sai ta ce, "Allah ka kai ladan kabarinta."

Na fito. Ta firgita har bokitin ya faɗi.

"'Yar nan, kin tsorata ni."

"Iya, me kike yi?"

"Yo me kika gani? Tun ranar da aka kai ta ba wanda ya ba su ko ɗigo, kowa tsoro yake ji. Na ce bayin Allah nan ba su yi laifin komai ba. An ce shayar da mai ƙishi sadaka ce ko da itace ne." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Ni na ɓata mata suna, kin sani, kowa ya sani. Na yi ta cewa gobe zan shiga in nemi gafara, gobe zan shiga, har goben ta ƙare. Kuma abarbar da kika kawo min ina ciwo, kina tsammani ban sani ba? Ta kasuwa ba ta ƙanƙanta haka, ba ta kuma yin wannan zaƙin. Na sani sarai, na ci, na yi shiru. To ga shi kullum ina ba su, amma sai ƙara lalacewa suke yi. Ko kewarta suke yi?"

Duk maganganun da na tanada suka gudu. Na ce, "Iya, ki huta haka nan. Na karɓi aikin."

Amma ita ma tsohuwar unguwar nan ce, ba a yi mata rufa-rufa. Ta ƙura min ido. Ta sunkuya da ƙyar ta kama ganyen tsakiya na wata tukunya, ya zaro a hannunta, ruwa na ɗiga daga ruɓaɓɓen gindin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ita nawa take ba su?"

"Moɗa ɗaya, Iya. Ranar Juma'a."

"A kowace rana ta Allah dai?"

"A mako."

Ta ajiye ganyen. Ta ɗauki bokitinta ta sunkuya ta fita, ta mayar da zana ta ɗaure.

Na yi abin da zan iya. Na tone sauran na shanya su, na canza ƙasa, amma ruɓar ta riga ta kai zuciya. Kafin arba'in ba ko ɗaya a tsaye. Na kwana biyu ina juya abin a raina. Gaskiyar da za ta wanke Gwaggo tana hannuna, amma in na faɗe ta na tsayar da tsohuwa mai shekara kusan tamanin a gaban unguwa na ce ita ta kashe. Na yanke shawarar in yi shiru, kuma ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Ranar arba'in aka yi waina da gumba, mata suka cika tsakar gida. Ana cikin rabo 'yar'uwarmu ta Baure ta ce, ba da raɗa ba wannan karon, "Ashe abin duk ya ruɓe? To Allah ya raba mu da abin da ba mu sani ba. Ita dai Allah ya yafe mata." Aka amsa da amin mai nauyi.

Sai muryar Iya ta fito daga lungun da take zaune.

"Ba abin da ya bi ta. Ni na kashe su."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Ni na yi ta shiga ta katanga ina zuba musu ruwa, bokiti-bokiti, har suka ruɓe. Shuka ce kamar kowace shuka, ba ta son ruwa da yawa ne kawai. Maganar da na faɗa shekarun baya kuma ƙarya na yi, haushin akuya ne. Ku shaida."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata ta yi 'yar dariya, wata ta taya ta.

"Ruwa, Iya? Ruwa ya kashe shuka? A garin nan?"

"Mu da muke fita roƙonsa!"

"Allah sarki Iya. Allah ya ba ki ladan rufa wa maƙwabciya asiri."

Na tashi na ce gaskiya ta faɗa, da idona na gani. Aka ce ai dole in faɗi haka, riƙona ta yi. Aka ci gaba da rabon waina. A ranar na san cewa mutumin da ya tashi yana kallon sama yana jiran hadari, ba za ka iya gaya masa ruwa yana kisa ba. Bayan kwana biyu Yaya ya sa aka kwashe tukwanen a baro aka kai bayan gari, ban hana ba.

Mako guda bayan haka na dawo daga makaranta na tarar da Iya zaune a tsakar gidana, ita da ba ta zuwa ko'ina sai asibiti. Uwar mijina ta shimfiɗa mata tabarma tana ta kallonta. Iya ta kwance ƙullin mayafinta ta ajiye abu a gabana. Tukkun abarba ne, ɗanye shar, an murɗe shi ba a yanka ba.

"Na ce wa mai kayan marmari shukawa zan yi, da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Ki zo ki nuna min yadda take yi. Tukunya da tsumma da hayaƙin duka, kada ki rage komai. A ƙofar ɗakina za a binne, inda duk mai shigowa zai yi tuntuɓe da ita."

Na ce, "Iya, sai ta shekara biyu, wani lokaci uku, kafin ta yi ɗa."

"Na sani. Ina jin ƙamshin ta katanga, ina ƙirgawa."

"Kuma in ta yi, ba lalle su yarda ba. Cewa za su yi ta bar miki abin."

Ta ce, "To sai me? Ko su wanke ta, ko su haɗa ni da ita. Duk wanda suka zaɓa, ta daina zama ita kaɗai a bakinsu."

Na ɗauki tukkun na fara zare ganyen ƙasa, uwar mijina na tsaye a kanmu. Yau kwanansa huɗu a inuwar rumfar Iya yana shan iska, gobe za mu binne tukunya.

Ya Allah, ka jiƙan Gwaggo, ka yafe mata zatonta, ka yafe wa waɗanda suka zarge ta, har da ni da na ce gidana ba wuri. Ka yalwata mata makwanci. Iya kuma, ya Ubangiji, ka ara mata shekara uku.